Kogin da teku ke shiga da kogin cikin ƙasa: wanne ya fi haɗari ga ɗan koyon tuƙin jirgin ruwa?

Duk lokacin da wani ya ce zai fara koyon tuƙin ƙaramin jirgin ruwa, tambayar da ke biyo baya ita ce, to a wane irin kogi zai fara? Amsar da yawanci ake ba shi nan take kuma ita ce ya guji kogin da ruwan teku ke shigowa yana fita, ya tsaya a kogin cikin ƙasa, wai can ba matsala. Rabin maganar gaskiya ne. Ɗaya rabin, wato "can ba matsala" ɗin nan, shi ne abin da ya sa na zauna rubuta wannan, don ya ci rayuka da yawa, kuma ba na sakarkaru ba, har da mutanen da aka horar.

Kogunan biyu kowanne da irin nasa sharrin, sai dai ba iri ɗaya ba ne, kuma ɗan koyo ba zai iya auna su ba sai ya san yadda kowanne yake aiki.

Me ake nufi da kogi mai cikowa da janyewa?

Ruwan teku ba a tsaye yake wuri ɗaya ba. A yawancin gaɓar tekun duniya sau biyu yake cikowa sau biyu yake janyewa a kwana ɗaya da ɗan ɗori. In kogi ya zo yana zuba a teku, to lokacin da tekun ta ciko sai ta turo ruwa cikin kogin, ruwan ya juya ya koma sama kamar ya yi mantuwa, bayan wasu awanni kuma ya sake juyowa ya gangara da ƙarfi. Wannan yankin na kogi da teku ke iko da shi, shi muke kira mai cikowa da janyewa. Wanda teku ba ta kai gare shi kuwa gudunsa ɗaya ne, daga sama zuwa ƙasa, ƙarfinsa kuma ya dogara ne da ruwan sama da abin da madatsun ruwa suka saki.

Abin da mutane da yawa ba su gane ba shi ne kogi ɗaya yakan zama duka biyun. Ɗauki kogin Tems na Ingila. Daga bakin teku har ya ratsa tsakiyar Landan ya kai wani wuri da ake kira Teddington, tafiyar kusan kilomita 150, duk a hannun teku yake, kuma hukumar tashar jiragen ruwa ta Landan ce ke kula da shi. Da ka haye Teddington ka shiga wata duniya daban, ruwa kwance, wata hukuma daban, dokar gudu ma kilomita 8 a awa. Sunan kogin bai canza ba amma halinsa ya canza gaba ɗaya.

Kada kuma ka ce ai ni nesa nake da teku. Kogin Hudson na Amurka yana cikowa yana janyewa har garin Troy, sama da kilomita 240 daga birnin New York. A kogin Amazon ana jin tasirin teku har wajen kilomita 800 cikin ƙasa. Ruwan ma ba lallai ya zama na gishiri ba, kana iya ɗanɗana shi ka ji garau, amma duk da haka teku ce ke juya shi daga nesa.

Wata ne ke riƙe da agogon

Wata ne babban mai jan ruwan teku, rana tana taimakawa amma nata jan bai kai rabin na wata ba. Shi ya sa lissafin yake bin wata ba agogon bango ba. Tsakanin cika ɗaya da ta gaba awa 12 ne da kusan minti 25, ma'ana kullum lokacin yana matsawa gaba da kamar minti 50. In yau ruwa ya cika da ƙarfe tara na safe, gobe sai wajen goma saura, bayan mako guda kuwa a daidai ƙarfe taran nan ƙasa za ka tarar da shi. Ɗan koyon da ya ce "ai rannan da safe muka wuce nan lafiya lau" ya riga ya ɗauko hanyar shiga uku.

Girman cikar ma ba ɗaya ba ne kullum. Lokacin tsayuwar wata da lokacin daren sha huɗu, wata da rana suna kan layi ɗaya da duniya, sai jansu ya haɗu, kwana ɗaya ko biyu bayan nan ruwa yakan cika fiye da kullum kuma ya janye ƙasa fiye da kullum, gudunsa ma ya ƙaru. Wannan ita ce babbar cika. In wata ya yi rabi, wajen kwana bakwai ko ashirin da biyu, sai a samu ƙaramar cika, ruwan ya yi sanyin jiki. Kusan duk mako biyu abin yake zagayowa.

Bambancin tsakanin cika da janyewa ya danganta da wuri. A mashigin Fundy na Kanada yana kai mita 16, wato tsayin bene mai hawa huɗu ko biyar. Bakin kogin Severn a Birtaniya yana kai wajen mita 14. A tsakiyar Landan kusan mita 7 a babbar cika. Wasu wuraren kuma ko mita ɗaya bai kai ba, don haka kalmar "mai cikowa" ita kaɗai ba ta gaya maka komai ba sai ka tambayi mita nawa.

Matuƙa suna da wani lissafi na ka, suna raba dukan hawan ruwan gida goma sha biyu. Awa ta farko ruwa yana hawa kashi 1, ta biyu kashi 2, ta uku 3, ta huɗu 3, ta biyar 2, ta shida 1. A wurin da bambancin yake mita 6, awar farko rabin mita ce kawai, ba ka ma lura ba, amma a awa ta uku da ta huɗu mita 3 zai hau ko ya sauka, santimita biyu da rabi a kowane minti. Kana tsaye kana hira ƙasa tana fitowa. Sai dai wannan lissafin na bakin teku ne, can cikin kogi yakan karkace, cikowar ta zo a gaggauce cikin awa biyu ko uku, janyewar kuma ta ja awa tara ko goma. A wasu kogunan ma cikowar kamar bango take zuwa, raƙumin ruwa guda yana haurawa sama, ana ganin haka a Severn da Trent da Amazon, na kogin Qiantang a ƙasar Sin kuwa yana iya kai mita 9.

Abin da ke jiran sabon hannu a irin wannan ruwa

Na farko dai gudu. Jirgi ba mota ba ne, ba shi da birki, kuma hanyar da yake tafiya a kai ita ma tafiya take. Mu ce jirginka yana yin kilomita 10 a awa, ruwa kuma yana gudun kilomita 6, wanda ba abin mamaki ba ne a tsakiyar Landan in ana babbar cika. In ruwan yana bayanka kana tafiyar 16, tafiyar kilomita 20 awa ɗaya da kwata ka gama. In ka tunkare shi kuwa 4 kake yi, tafiyar nan ta koma awa biyar, inji yana ta kuka yana zafi, mai yana ƙarewa, duhu yana shigowa. Kuma abin dariyar da ba dariya ba, tafiya da ruwa a baya ita ta fi daɗi amma ita ta fi wuyar sarrafawa, saboda sitiyarin jirgi ba ya ji sai ruwa yana wucewa ta jikinsa, in ka rage wuta don ka ji tsoron ƙafar gadar da ke gabanka sai ka tarar jirgin ya daina jin magana, ruwa yana ɗauke da kai kamar kara. Shi ya sa ƙa'ida take in za ka tsaya ka juya hancin jirgi ya fuskanci inda ruwa ke tahowa, kullum, ba wani zaɓi. A kogi mai gudu ɗaya sau ɗaya za ka koyi wannan ɓangaren. A mai cikowa ɓangaren yana canzawa sau huɗu a rana.

Ƙarfin ruwa kuma ba a hankali yake ƙaruwa ba. In gudunsa ya ninka biyu, turin da yake yi wa jirgi ninki huɗu yake yi. Jirgin da ruwa ya manna shi a gicciye jikin ƙafar gada ko jikin wani jirgin da ke ɗaure, ba ƙarfin hannu da zai ture shi, sai dai ya karkata ruwa ya hau.

Na biyu, kuma a ganina shi ne babba, rashin wurin tsayawa. A kogin cikin ƙasa in inji ya mutu ko ka rikice, sau da yawa gaɓa tana nan kusa, ka lallaɓa ka ɗaure a bishiya ka sha iska ka yi tunani. A kogi mai cikowa gaɓar ko dai doguwar katanga ce mai santsi, ko kuma laka mai faɗi wadda in ka taka za ka nutse har gwiwa ko ƙugu, kuma ruwan da ya janye yana nan dawowa a kan lokacinsa ko ka fita ko ba ka fita ba. Ƙofofin da ake bi a fita daga kogin zuwa ruwan kwance ma da yawansu ba sa buɗuwa sai 'yan awanni kusa da cika. Ka makara da rabin awa, to sai ka jira zagayowa ta gaba a cikin ruwan da ba ka sani ba, watakila cikin dare. Birkinka ɗaya a nan shi ne anka, ƙarfen nan da ake jefawa ƙasan ruwa, kuma tsawon sarƙa da zurfin lokacin cika ake auna shi ba na yanzu ba. In zurfin mita 2 ne yanzu kuma ruwa zai ƙaru da 6, to mita 8 za ka lissafa, sarƙa ninki huɗu, mita 32 ke nan, in igiya ce ma ya fi haka. 'Yan koyo nawa ne ke ɗauke da wannan a jirgi, a shirye, ɗaure da jikin jirgin?

Sai iska. In iska tana kaɗawa ɓangare ɗaya da ruwa, saman kogin sumul. Da ruwa ya juya ya fuskanci iskar, cikin minti kaɗan raƙuman ruwa gajeru masu tsini za su tashi, iska ba ta ƙaru ba ko kaɗan, ruwan ne kawai ya juya. Jirgi mai shimfiɗaɗɗen ƙasa da gajeren baki, irin dogayen siraran nan da aka ƙera don magudanan ruwa na Ingila, wato hanyoyin ruwa da aka haƙa don jirage, ba don wannan aka yi shi ba. Girgizar kuma tana tayar da dattin da ya kwanta a tankin mai shekara da shekaru ya toshe matata, inji ya mutu a daidai lokacin da ka fi buƙatarsa. Wannan matsalar sananniya ce sosai a wajen masu irin waɗannan jiragen.

Maƙalewa a yashi ma fuska biyu gare ta. In ruwa yana hawa ne, ka jira minti goma ya ɗaga ka, ka ci gaba kana dariya. In yana sauka ne, to ka zauna ke nan, jirgi ya kwanta a gefe, in ƙasan gangare ne ruwan da zai dawo yana iya shiga ta baki kafin ya ɗaga shi. Mafi ban haushi shi ne ka hau yashi a ƙololuwar babbar cika, saboda cikar gobe ba za ta kai ta yau ba, kana iya jiran kusan mako biyu. Haka igiyar ɗauri, ka ɗaure tamau lokacin cika ka tafi, ka dawo ka tarar jirgi a rataye. Haka gada, wadda ka wuce ƙarƙashinta da safe ba lallai ta bar ka ka wuce da rana ba.

Sannan ba kai kaɗai ba ne a wurin. Inda teku ke shiga nan manyan jirage suke, kuma dokar kauce wa karo ta duniya ta 1972 ta faɗa ƙarara cewa a ƙunƙuntar hanya ka riƙe hannun dama, kuma jirgin da bai kai mita 20 ba kada ya tare wa babban da ba ya iya fita daga zurfi hanya. A daren 20 ga Agusta 1989 wani jirgin yashi mai suna Bowbelle ya bi ta kan jirgin shaƙatawa Marchioness a tsakiyar Landan, mutum kusan 130 ne a ciki, ya nutse cikin ƙasa da minti ɗaya, mutum 51 suka rasu. Bincike ya nuna ba a sa ido yadda ya kamata ba a jiragen biyu. Waɗannan fa masu sana'ar ne. Bayan binciken ne aka kafa tashoshin jiragen ceto a kogin a 2002.

Kogin da ake rainawa

To duk wannan ya sa mutum ya ce shi ke nan, na cikin ƙasa ya fi. A ranar da ruwa yake kwance, eh ya fi, nesa ba kusa ba. Matsalar ita ce sharrin kogi mai cikowa a rubuce yake, akwai jadawalin da ake bugawa shekara guda kafin lokaci, zai gaya maka ranar kaza ƙarfe kaza ruwa zai kai mita kaza, iska da ruwan sama suna ɗan gyara shi amma ba sa rushe shi. Kogin cikin ƙasa ba shi da wannan takardar. Ruwan da aka tafka a kan tsaunuka kilomita ɗari daga inda kake, kai ko gajimare ba ka gani ba, shi zai iso gare ka gobe ko jibi. Haka in masu dam suka buɗe ƙofa. Kuma mai cikowa ko ya haukace, bayan 'yan awanni zai lafa ya juya, akwai ɗan lokacin da yake tsayawa cik. Kogin da ya ɗauko ambaliya ba ya juyawa, kwana da kwanaki zai yi yana gudu ɓangare ɗaya ɗauke da itatuwa da tarkace.

Shi ya sa a ɓangaren Tems na sama ake kafa alluna a ƙofofin ruwa, rawaya na nufin gudu yana ƙaruwa ko yana raguwa a yi hattara, ja kuma na nufin ruwa ya yi ƙarfi kowa ya nemi wuri ya ɗaure. Ba duk kogi ke da irin wannan gatan ba, a mafi yawan wurare idonka ne allonka: launin ruwa ya koma na ƙasa, kumfa da rassa suna wucewa, ciyawar gaɓa ta nutse.

A ranar 29 ga Mayu 2019 a birnin Budapest na Hangari, wurin da ko ƙanshin teku babu, wani babban jirgin yawon buɗe ido ya bugi ƙaramin jirgi mai suna Hableány kusa da wata gada a kogin Danub. Mutum 35 ne a ciki, yawancinsu 'yan Koriya ta Kudu, bakwai kacal suka tsira. Kogin ya cika da ruwan sama a lokacin, gudunsa ya hana masu nutso aiki kwanaki, har aka tsinci gawa wajen kilomita 100 daga wurin.

Amma babban makashin kogin cikin ƙasa shi ne shingen ruwa, gajeriyar katangar nan da ake ginawa a gicciye don a riƙe zurfi, ruwa yana malala ta kanta. Daga sama ba a ganin ta sosai, layi ne kawai a kan ruwa kamar kogin ya ci gaba. Ta ƙasa kuma tsayinta bai fi mita ɗaya ko biyu ba, sai mutum ya raina, alhali ruwan da ya faɗo yana nutsawa ya dawo baya ya sake naɗewa, duk abin da ya shiga sai ya riƙa juya shi a wuri ɗaya, ga kumfa ta cika ruwan da iska har ba ya ɗaga mutum sosai ko da rigar kariya, wato rigar da ke hana nutsewa, ga katanga a gefe biyu. A Amurka injin nutsar da mutane suke ce wa irin wannan shinge. Ɗan hakin da ka raina ke nan.

Kogin Trent na Ingila ya ba da misali mai ciwo. Shingen Cromwell shi ne iyaka tsakanin ɓangaren da teku ke kaiwa da wanda ba ta kaiwa. A watan Satumba na 1975 wasu sojojin sa-kai na Birtaniya suna atisayen dare a ɓangaren sama, wato ɓangaren da ake cewa ba matsala, jirginsu ya bi ta kan shingen cikin duhu, goma suka rasu, ɗaya ne ya tsira. Matasa ne masu ƙarfi da horo.

Akwai kuma lok, ɗakin ruwan nan mai ƙofa gaba da baya da ake ɗaga jirgi ko a sauke shi kamar matakala. Tems na sama yana da guda 45. Ruwa kwance ne a ido, amma nan ne 'yan koyo suka fi samun rauni, ƙafa ta zame a jiƙaƙƙen dutse, hannu ya shiga tsakanin jirgi da bango, ko bayan jirgi ya hau dakalin da ke ƙarƙashin ƙofar sama lokacin da ake sauke ruwa, hanci ya yi ƙasa, cikin minti biyu ya nutse mutane suna kallo. Sai bishiyar da ta faɗi cikin ruwa a kwana, ruwa yana wucewa ta rassanta kamar rariya amma kai da kwalekwalenka ba za ku wuce ba. Kuma a wajen kwana ruwa ya fi gudu da zurfi, can yake tura ka, can kuma bishiyoyin suke faɗuwa don can yake cin gaɓa.

Abin da bai ruwansa da irin kogi

Faɗawa ruwa faɗawa ne ko ina. In zafin ruwan ya gaza digiri 15, minti ɗaya na farko numfashi yana ƙwacewa, mutum ya ja iska da ƙarfi ba da son ransa ba, in kansa yana ƙasa to ruwa ya ja, gwanin iyo ma haka. Rigar kariya a jiki take aiki, a ɗaure, ba a ƙarƙashin kujera ba. Lodi fiye da kima, tafiyar dare, maye, farfela tana juyi mutum yana ruwa, hayaƙin inji ko janareta a rufaffen ɗaki, duk waɗannan ba sa tambayar wata kwana nawa.

Masu cewa a fara can da masu cewa a fara nan

Ɓangaren farko, masu cewa a fara a kogin cikin ƙasa, hujjarsu mai sauƙi ce kuma mai ƙarfi: ɗan koyo kuskure zai yi, dole, to gara ya yi shi inda hukuncin kuskuren ƙarami ne. Ya bugi gaɓa a hankali, fenti ya kankare, a yi dariya. Kamfanonin hayar jirage da yawa a Birtaniya ma ba sa yarda a fita da jirginsu ɓangaren da teku ke shiga, kuma ba don rowa ba ne, sun san abin da suke gudu. Mai jirgin kansa ma yana da kyau ya karanta takardar inshorarsa, wasu suna gindaya sharaɗi a kan haka.

Ɗaya ɓangaren suna cewa ruwan kwance yana koya wa mutum lalaci. Ya shekara biyar bai taɓa duba yanayi ba, bai taɓa jefa anka ba, bai san rediyon oba-oba ba balle tasha ta 16 da ake kiran ceto, sai ya ɗauka ya iya, ran da ya gamu da ruwa mai gudu sai a ga ashe shekara ɗaya ce ya maimaita sau biyar. Wanda ya koya a ruwa mai cikowa tun ranar farko an tilasta masa tsara tafiya. Akwai kuma wanda ba shi da zaɓi ma, kogin da ke kusa da shi mai cikowa ne, ba za a ce ya haƙura ba.

Ni dai ina tare da na farko a kan inda za a fara, ina tare da na biyu a kan abin da za a koya. Abin da ban yarda da shi ba shi ne raba koguna gida biyu a ce wannan lafiya wancan haɗari. Ƙaramin rafi mai cikowa, a ƙaramar cika, da rana, ba iska, ya fi sauƙi sau goma a kan kogin cikin ƙasa da ya ɗauko ruwa kuma akwai shinge a gaba. Tambayoyin da suka fi amfani su ne: ruwan nan nawa yake gudu yau idan aka gwada da abin da jirgina zai iya, in inji ya mutu yanzu ina ruwan zai kai ni cikin minti biyar, kuma ina zan iya fita. In amsar ta biyu ita ce shinge ko ƙafar gada ko gaban babban jirgi, sunan kogin bai da amfani.

To yaya ake haurawa daga wannan zuwa wancan?

A kogi mai gudu ɗaya, lokacin da ruwa ya yi ƙasa, dabara ita ce ka fara haurawa sama tukuna, don in wani abu ya lalace ko ka gaji ruwa ya dawo da kai inda ka taso. Ka san inda kowane shinge yake kafin ka tashi, a taswira ko a bakin mutanen wurin, masunta da 'yan fito da masu kula da ƙofofi sun san kogin fiye da kowace manhaja. A nan za ka maimaita juya jirgi, tsayawa da hanci a gudu, jefa anka da ɗagowa, ɗauko abin da ya faɗa ruwa, har hannunka ya riƙa yi ba sai ka yi tunani ba.

Ranar farko a ruwa mai cikowa kuwa ba ranar gwaninta ba ce. Ka ɗauki wanda ya san wurin a cikin jirgi ko ka bi ayari, ka zaɓi ƙaramar cika, wato wata yana rabi, ka zaɓi gajeriyar tafiya. Masu jiragen magudanan ruwa a Landan da yawa da tsakanin Brentford da Teddington suke farawa, kusan kilomita 8 ne, suna fita ruwa yana hawa ya raka su su isa kusa da cika. Tafiya da ruwa yana hawa tana da wannan ribar, ko ka taɓa yashi zai ɗaga ka. Kafin ranar ka bar injin ya yi aiki da ƙarfi awa guda a ruwan kwance ka ga ko zai yi zafi, ka canza matatar mai, ka cika tanki, ka rufe duk wata kafa da ruwa zai iya shiga ta gaba. Ka duba jadawalin da kyau, wasu ana buga su da agogon da bai bi ƙarin awa ɗaya da wasu ƙasashe ke yi wa agogonsu a lokacin zafi ba, awa ɗaya kuma a tsakiyar janyewa, inda bambancin yake mita 6, mita ɗaya da rabi ce. Ka kira mai kula da ƙofar da za ka fita ka gaya masa kana tafe, sannan ka bar wa wani a tudu lokacin da ya kamata ya ji daga gare ka da lambar da zai kira in bai ji ba.